Rasuwar Baban Bene da Kiran Safiya

Cikin alhini da miƙa lamari ga Allah, Ƙungiyar Masu Sha'awar Rediyon Oba-oba ta samu labarin rasuwar uban ƙungiya, dattijo mai daraja, Alhaji Injiniya, wanda kowa ya sani a kan iska da Baban Bene.

Marigayin ne ya ɗaura mana eriyar farko, kuma yawancinmu a hannunsa muka ci jarrabawar lasisi, da faɗa da tsokana. Tun da ciwon shanyewar jiki ya kwantar da shi, matakala ta gagare shi, duniyarsa ta koma ɗaki ɗaya a saman bene, taga ɗaya da akwatin rediyo, amma bai taɓa fashin kiran safiya ba. Yakan kira kowace tasha, har da direbobin da ke kan hanya, ya tambayi lafiyar yara, ya yi wa mai makara tsiya.

Hannunsa ba ya ɗaguwa, saboda haka uwargidansa, mahaifiyarmu Hajiya, ita ke murɗa masa tasha, ta riƙe makirufo a bakinsa, ta danna. Ta san muryoyinmu kaf, mu kuwa ba mu taɓa jin tata ba, domin doka ta hana mara lasisi magana a kan iska. Yanzu 'ya'ya suna nesa, gwiwoyinta sun daina yarda da matakala, kuma an shaida mana ta ƙi bari a kashe rediyon. Wannan ya tsaya mana a rai, ga shi dokar ta ɗaure mu kamar yadda ta ɗaure ta, ba damar mu yi hira da ita a kan iska.

Jiya da safe muka yi masa kiran bankwana yadda aka saba, a kira tashar mamaci sau uku, a yi shiru. Cikin shirun nan duka muka ji an danna makirufo, an riƙe, an saki, ba a ce komai ba.

Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba Hajiya da 'ya'ya da jikoki haƙurin wannan rashi.

Ƙungiya ta yanke cewa ba za a cire tashar Baban Bene daga kiran safiya ba. Duk wanda ya ji an danna, kada ya tambaya ko wane ne. Ya gaishe ta kawai.

Sa hannu:
Dogo Mai Gyaran Agogo
Kakakin Ƙungiya