Wanda Ya Riƙe Mini Tsani

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? A gaida Yaya da yara.

Ni lafiya lau. Ka tambayi aikina a masana'anta. Akwai wani ɗan akwati mai jerin fitilu da ke kai wa kwamfutar injuna labari. Abu biyu kawai ya sani: akwai ko babu. Manaja ya sa na haɗa shi da shimfiɗar robar da ma'aikata ke tsayawa a kai. Mutum na ɗaga ƙafa, fitilarsa ta mutu, a rubuta masa cewa ya bar bakin aiki.

Akwai wani dattijo mai liƙe kwali, sa'anka, "ɗana" yake ce mini. Ciwon sukari ke yawan kai shi bayi. Akwatin bai san haka ba. Ni na sani, amma bakina ya yi nauyi. Shekaranjiya aka sallame shi, ni kuwa aka yaba mini.

Don Allah, Baba, ka daina nuna hotona a majalisa. Ka sa dattijon nan a addu'a kafin ni. Ranar da na ja wayar da ta haɗa akwatin da shimfiɗar, shi ya riƙe mini tsani, yana cewa in taka a hankali.

Ɗanka.