Fursunan Zamalek da Mai Gadinsa

Alƙahira, 4 ga Maris, 1997

Zuwa ga Yayata Husseina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar Inna? Mu ma lafiya lau, mijina Rilwanu yana nan yana tuƙin motarsa.

Na sami aikin girki a unguwar Zamalek, a gidan sarauta kuwa! Maigidan, Haisam Basha, ya haura tamanin. Da sojoji suka kawar da sarautar Masar sai suka ƙwace gonakinsa, suka hana shi taka ƙofar gida. Shekara arba'in da uku ke nan, Yaya, ko kullen da Malam ya yi miki bai kama ƙafar wannan ba. Mu huɗu muka nemi aikin, ni ya ɗauka, don kawai na tuɓe takalmi na durƙusa na gaishe shi yadda Baba ya koya mana a fadar Gumel. Har idonsa ya kawo ruwa.

Akwai ɗan sanda a ƙofa, Hussain, shi ma ya tsufa, kakinsa duk ya koɗe. Kullum da hantsi Basha zai sauko da jar dararsa ya nufi ƙofa, Hussain ya tare shi ya ce an hana. Basha ya zage shi tas, ya zagi gwamnati, sannan su zauna su sha shayi.

Ki gaishe da kowa.
Ƙanwarki, Shafa'atu

19 ga Afrilu, 1997

Yaya, sallama da gaisuwa. Ina fata Inna ta ji sauƙi.

Na yi ɓaranɓarama. Ina share durowar cokula na tsinci wata tsohuwar takarda mai hatimi. Rilwanu ya karanta mini, ashe tun 1971 aka sallami Basha! Kin san ni da zumuɗi. Na haura bene a guje na yi masa albishir, har ina sa ran tukuici. Ya dube ni, ya juya fuska bango. Yau kwana uku bai taɓa abinci ba.

Hussain ya wanke ni da faɗa. Ashe shi da kansa ya kawo takardar, kuma tuni ya yi ritaya. Ya ce a waje babu wanda ya san wani Basha, tsoho ne kawai marar gona. Amma mutumin da gwamnati ke tsarewa, ai har yanzu ana shakkarsa. Shi ya sa yake hawo bas biyu kullum don ya hana abokinsa fita. Kowa a layin ya sani, har mai gasa burodi, sai ni sarkin wayo.

Yanzu Basha ba ya saukowa, shayin Hussain sai ya huce a gabansa. Wallahi kunya ta ishe ni, ina tsoron tsohon nan ya mutu ta sanadina. Ki sa ni a addu'a.

Taki, Shafa'atu

2 ga Mayu, 1997

Yayata, ina gaishe ki da kyau, yaya yara?

An kwantar da Hussain a asibiti, ƙofa ta zauna wayam. Na haura na gaya wa Basha. Washegari sai ga shi ya sauko da jar dara, ya rame. Ya daɗe tsaye a bakin ƙofa yana jiran a tare shi. Daga baya ya ce ai rashin tsari ne a bar babban fursuna irinsa babu mai gadi, a kira Rilwanu ya kawo mota, yalla, wato maza-maza.

A hanya babu gadar da ta tsira daga zaginsa, yana tambayar wa ya ba da izinin gina ta. Da muka isa sai ya miƙa wa Hussain hannuwansa biyu, ya ce ya gudu daga tsare, ya kawo kansa. Hussain, ana ƙara masa ruwa, ya damƙe masa hannun riga, ya yanke masa hukuncin kada ya motsa daga kujerar nan sai ranar da likita ya sallami shi Hussain ɗin. Basha ya zage shi tas, ya zagi gwamnati. Ni ina gefe ina dariya ina share hawaye.

Sannan Basha ya juyo ya tambaye ni me na dafo. Yaya, ko loma ɗaya bai rage ba.

Ki gaishe da Inna.
Ƙanwarki, Shafa'atu