Alwalar Baba Iliya

Dakoro, Talata da dare

Yau Rabi ta yi magana a taron biron ƙungiyarmu, wato kwamitin gudanarwa. Tun da matan Korahane suka zaɓe ta wakiliyarsu ba ta taɓa buɗe baki ba, har haushi ya sa na fara tunanin a sake wata. Na manta cewa Baba Iliya, dattijon biro, uban mijinta ne. Ina za ta ɗaga murya a gaban suruki?

Da muka zo kan inda za a gina rijiya, na ce, "Rabi, me matanku suka ce?" Ta sunkuyar da kai. Sai Baba ya ɗauki buta ya ce, "Bari in yi alwala." Da hantsi fa.

Yana fita ta yi bayani. Mata sun fi son gabas, don da damina ruwa kan yanke hanyar yamma.

Da Baba ya dawo aka zo ɗaga hannu, nasa ya riga na kowa, kan maganar da wai bai ji ba. Na saci kallon ƙafafunsa. A bushe suke. Allah ya bar mana tsohon nan.