Katin Malama

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Umma, ya yara? Ni lafiya lau, ɗakina ne dai ba taga, amma na saba. Ki turo min hoton Baba.

Ajin koyon rubutun nan ya fice min a rai. Kullum malama ta zaro kati daga kwali, ta ba mu minti goma. Jiya katin ya ce, "Ranar da ka fi baƙin ciki." Da wautata na rubuta rasuwar Baba. Da na karanta, 'yan ajin suka tafa, wani yana tauna cingam. Malama ta ce, "Ya yi kyau, amma uban ya mutu da wuri. Bar shi ya kai shafi na uku."

Tir! Yaya, da a hannuna abin yake, ai da har yau yana nan.

Allah ya jiƙansa. Kar Umma ta ji.

Ƙaninki