Jinin da ke ƙofar shago

Yaya Idrisa,

Na shigo kana barcin rana. Ban tashe ka ba, don kada bakina ya faɗi abin da zan yi nadama.

Dabararka ta rage kuɗin kuran, wutar lantarkin shago, ta yi aiki. Jiya da azahar ka zare wayar firigon da muke sanyaya nama, a wannan zafin na Garuwa, ka tafi ba ka gaya wa kowa ba. Naman raguna biyun da Alhaji Hamadu ya ba mu ajiya don sunan jikarsa ya yi kore, yana wari.

Da safe ya zo da 'ya'yansa. Babban ya shaƙe ni, ya buga kaina da gungumen saran nama, haƙorina ɗaya ya fita. Wuƙa tana hannuna, Yaya. Allah ne kaɗai ya riƙe ni.

Na tafi Ngong neman wasu ragunan. Na mayar da wayar. Idan ka sake taɓa ta, wallahi gatari zan sa in farfasa firigon a gabanka, ka huta da kuran gaba ɗaya.

Ka je shago kafin a wanke ƙofar. Jinin da ke wurin ba na rago ba ne.

Taufiƙ