Rodin da Aka Bari a Saman Gida

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya kuma mijina ƙarami da ya yi watsi da ni? Ka ce masa ina nan da fushinsa.

Na zaɓi takarda ne don a waya kullum sauri kake yi, kafin in gyara zama ka ce sai anjima. Takarda dai ba ta katse ni.

Bangon falo ya tsage daga kusurwar taga har sama, yatsana na shiga ciki. Na kira magini ya shafe da siminti, ba a je ko'ina ba ya sake buɗe baki. Ƙofar ɗakinka ma sai na sa ƙafa take rufuwa. Yayarka ta ce in daina wasa da raina in nemo injiniyan gini, maƙwabciyata kuma ta haɗa ni da wata. Mace ce, Auta, yarinya ƙarama da hular kwano! Ta zagaye gidan tana ƙwanƙwasa ginshiƙai da 'yar guduma, sannan ta hau sama wajen rodin da Babanku ya bari, ta daɗe ba ta sauko ba. Na ba ta shayi, na yi ta jan ta da hira har na ji kunyar kaina. Rabon da wani ya zauna a kujerar nan na manta.

Ta ce za ta rubuto sakamako. Ka gaida mutanen gidan.

Ummanka

*

Umma,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, duk suna gaishe ki. Hankalina ya tashi da maganar bangon nan. Don Allah ki daina zama a falon har a gyara. Duk abin da injiniyar ta ce a yi, a yi kawai, ni zan ɗauki nauyi. Ki yi haƙuri da gajeriyar amsa, aiki ya yi min yawa.

Ɗanki, Auta

*

Zuwa ga Mama,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ga abin da na gano.

Tushen gidan lafiyarsa ƙalau. An yi shi da ƙarfin ɗaukar bene, kamar yadda kika ce marigayi ya nufa. Matsalar daga sama take. Rodin da aka bari a tsaye don ci gaba da gini ya yi shekaru yana shan ruwa. Ruwan yana bin jikinsa ya gangara cikin ginshiƙai, ƙarfen ya yi tsatsa ya kumbura, shi ke fasa simintin daga ciki. Shafe tsagar ba zai hana ta dawowa ba.

Mafita biyu ce. Ko a gyara ginshiƙan a ɗora benen a rufe shi, ko a yanke rodin a toshe saman gaba ɗaya. In an yanke, ba zan ba da shawarar a ƙara ɗora komai a kai ba. Ko wacce aka zaɓa, a yi ta kafin damina, domin ginshiƙin falo ba zai jure wata daminar ba.

Na gode da shayi. Allah ya ƙara lafiya.

Injiniya

*

Auta,

Sallama da fatan alheri. Ga takardar injiniya na haɗo maka, ka karanta a zaune, ba a tsaye a bakin ƙofa ba.

Ka ce duk abin da ta ce a yi. To ba ta ce komai ba, zaɓi ta ba mu, kuma zaɓin naka ne. Ka san don wa aka bar rodin nan. Ranar da aka zuba rufin, Babanku ya hana a yanke shi, ya ce yayyenka mata ne za su tafi gidajensu, saman nan na Auta ne, matarsa a sama, mu tsofaffi a ƙasa muna jin gudun yara a kanmu. Kana ƙarami har ka zaɓi inda tagarka za ta kalla.

Ni tun da ya rasu a jikin rodin nake ɗaura igiyar shanya. Kullum na hau sai na tsaya ina auna ɗakuna da ido, nan falo, nan ɗakin yara. Ashe abin da nake kallo ina jin daɗi shi ke cin gidan.

Ba kuɗi nake tambayarka ba. Za ka dawo ka zauna a nan, ko ba za ka dawo ba? Kaɗaici ya ishe ni, ba zan ɓoye maka ba, amma ka faɗa min gaskiya.

Ummanka

*

Umma,

Ina gaishe ki da girmamawa. Na karanta, na sake karantawa, na kasa amsawa da wuri.

Kin san yara sun saba da makarantarsu, aikin mamansu ma a nan yake. Ba wai ba zan dawo ba ne, lokaci ne bai yi ba. Ba za a iya naɗe rodin da leda ko a shafa masa fenti ya ƙara 'yan shekaru ba? Ki tambayi injiniyar. Ko kuma ki zo ki zauna da mu, akwai ɗaki.

Ki yafe min, Umma.

Auta

*

Auta,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka. Saƙonka ya iso, na kuma gane.

Na tambaye ta zancen leda. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Mama, kwana zai ƙara masa kawai, ke kuma a ƙarƙashinsa kike barci.”

An yanke rodin jiya. Ban hau ba, ina falo ina jin ƙarar injin, ita tana zaune kusa da ni har aka gama. An toshe saman, ya yi sumul, ruwa ba zai ƙara shiga ba. Aikinta ya ƙare, ta yi min sallama.

Ba na fushi da kai. Ƙofar ɗakinka na ƙasa an gyara ta, tana rufuwa yanzu, amma a buɗe na bar ta. Ka shafa min kan mijina.

Ummanka