Sanɗa a Kasuwar Garwa

Yawunde, 4 ga Nuwamba

Zuwa ga Adda Sadiƙa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da Inna, da ɗalibanki na lise, sakandaren nan taku. Yaya zafin Garwa?

Ga kile, wato filashin USB, a cikin ambulan. Wasan bidiyonmu ne, wanda ni da abokiyar aikina Jocelyne muka shekara muna ginawa. Mun sa masa suna Sanɗa. Ya yi wa intanet nauyi, shi ya sa na ba ajans ɗin motoci ta kawo. Labarin ba wuya: Hamadu zai ratsa babbar kasuwar Garwa da wata takarda a aljihu har bakin gada, ba tare da mutanen wani ɗan fasa-ƙwauri sun gan shi ba. Ranar ashirin ga Disamba za mu nuna shi a baje kolin wasanni a nan. Ke kika fi kowa sanin irin waɗannan wasannin, tun muna zuwa shagon wasanni na Barthélemy kina cinye ni a wasan Tashar Ruwa da na Baƙar Hula. Ki buga shi, ki gwada shi da su, ki faɗa mini gaskiya.

Sai magana ta biyu. Za ki ga kasuwar ta fito tsaf. Dalili, na zo Garwa a watan Oktoba, na yi kwana huɗu ina ɗaukar hotuna. A otal na sauka. Ban zo gida ba, domin Inna za ta tambaye ni ofis, kin kuwa san na bar ofis tun bara, na rasa yadda zan faɗa mata. Ki kwantar da hankalinki, ba wanda ya gan ni. Hula na sa da baƙin tabarau da takunkumi, ban yi wa kowa magana ba. In mun yi nasara a baje kolin, sai in zo mata da abin nunawa a hannu. Kafin nan, don Allah kada ta ji. Ta takarda za ki amsa, na san tana ɗaukar wayarki ta kalli hotuna.

Ƙanenki,
Ziyad

Pumpumre, Garwa, 13 ga Nuwamba

Ziyad,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Zafi yana nan inda ka bar shi a Oktoba, tunda ashe shi kam kun gaisa.

Na buga wasanka kwana biyar, duk sa'ad da wutar lantarki ta ga damar zama. Zan fara da yabo, ba zai ɗauke mu lokaci ba. Kasuwar ta yi kyau. Hasken da ke ratsowa ta ɓulin kwanon layin masu yadi, ruwan da ke kwanciya a gaban masu kifi, ƙarar babura, duk namu ne. Tashar Ruwa ba ta taɓa yin rabin wannan kyau ba.

Amma Tashar Ruwa ta san abin da take yi. Ɗakunan ajiya ne babu kowa, masu gadi uku, kowanne ya yi taku goma ya juya. Wawaye ne, amma masu gaskiya: a wurin da ba mutane, duk abin da ya motsa ɓarawo ne, dole ka yi rarrafe. Baƙar Hula ta ƙaro jama'a, ta ce ka zauna a benci tsakanin baƙi biyu sai ka ɓace. Mun yarda, domin a garuruwansu wataƙila mutum ba ya tambayar wanda ya zauna kusa da shi. Kai sai ka ɗauko rarrafen na farko da bencin na biyu, ka zube su a kasuwarmu da rana tsaka.

Ziyad, ƙato mai gemu yana rarrafe a bayan buhunan albasa. A Garwa. Kafin ya kai layin masu tumatir ya tara mutum arba'in, rabi suna neman wanda zai yi masa addu'a, rabi suna ɗaukar bidiyo. Benci kuwa, ka zauna tsakanin dattawa biyu a nan, kafin ka gyara riga sun san ɗan gidan wa kake, sun kuma gaya maka kakanka ya fi ka tsawo.

Sai jifa. In na jefa dutse, mai gadi ya ce “Mene ne wancan?” ya tafi dubawa, kamar dai a Tashar Ruwa. Na jefi rufin rumfa ɗaya sau goma sha bakwai, mai rumfar tana tsaye tana murmushi. Ka taɓa jifan rumfar Madam Florentine mai kifi kana aji uku. Ka tambayi kunnenka na hagu yadda aka ƙare.

Babban abin da ya dame ni shi ne shirun. Mutum ɗari biyu ka zana, ba mai gaida wani. Na danna kowane maɓalli a manet ɗin, abin riƙewar da ake buga wasan da shi. Akwai na durƙuso, na jifa, na fito, na shaƙe wuya. Babu na sallama. Wannan ba Garwa ba ce, hotonta ne.

Ka gaya wa Jocelyne akwai akuyar da ke ratsa bangon masallaci ta fita ta wancan gefen. Ita kaɗai ce ta iya sanɗa a wasan.

A ƙarshen mataki na uku akwai wata koriyar ƙofa mai tsatsa a ƙasa ta hagu. Na san ta, ta cikinta nake fita aiki kullum. Unguwarmu Pumpumre ba a cikin kasuwa take ba, amma ka jawo ƙofar ka manna. Na tura, ba ta buɗuwa. Kuskure ne?

Maki: Tashar Ruwa sha huɗu bisa ashirin, Baƙar Hula sha biyar, Sanɗa tara.

Ban ce wa Inna komai ba. Amma ka zo gida, kada ka jira Disamba.

Addarka,
Sadiƙa

Yawunde, 21 ga Nuwamba

Adda,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya.

Ra'ayi na nema, ba jan biro ba. Ni ba ɗalibinki ba ne. Tara! Shekara guda ina cin burodi da sardin a kan wannan aikin.

Irin wannan wasa yana da dokokinsa, kin san su kamar yadda na san su. Alƙalan baje kolin da Tashar Ruwa suka girma. In ba su ga durƙuso da jifa ba, za su ce ba wasan sanɗa ba ne. Wa zai zauna yana danna “ina kwana, ina gajiya, yaya iyali” sau hamsin kafin ya kai gada? Mai wasa gudu yake so, ba zumunci ba.

Kuma ina da hujjar da ba ki da ita, domin ni da ƙafata na gwada. Kwana huɗu ina yawo a kasuwar nan ban ce uffan ba. Na wuce ta gaban rumfar Kawu Brahim mai yadi, ƙanen Inna guda, har sau biyu, bai gane ni ba. To in shiru da sauri sun yi mini aiki, me zai hana su yi wa Hamadu?

Jocelyne ta gyara akuyar. Ta karanta maganar buhunan albasa ta yi dariya har da hawaye, yanzu tana goyon bayanki, abin da ya ƙara ɓata mini rai. Ga sabon kile, ki sake dubawa da idon rahama.

Ƙofar ado ce kawai. Ban zana cikin ba.

Zuwa gida sai bayan baje koli, na riga na faɗa miki. Ki gaida Inna, ki ce aiki ya yi yawa a ofis.

Ziyad

Pumpumre, 29 ga Nuwamba

Ƙanena mai hujja,

Sallama da gaisuwa. Na karɓi kilen. Akuya ta shiryu, saura ku.

Tunda ka kawo Kawu Brahim a matsayin shaida, bari mu ji shaidarsa. Ranar da ka iso, tun safe yake awon yadi. Mutum ɗari sun wuce ta gabansa, wannan ya ce salamu alaikum, wancan ya ce jam na, ya amsa musu duka bai ɗaga kai daga ma'auni ba. Da za ka tambaye shi su wa suka wuce, ba zai kawo uku ba. Sai wata inuwa ta gifta babu murya. Ya ɗaga kai ya ga wane marar tarbiyya ne. Ya ga hula, ya ga tabarau, ya ga takunkumi, a ƙarƙashinsu kuma ya ga tafiyar marigayi Baba, kafaɗar dama a gaba. Ya bar ka ka wuce sau biyu ko za ka ji kunya. Kafin azahar ya kira Inna.

Da ka ce masa sannu ta cikin takunkumin nan, da ya ce yauwa ya ci gaba da awo. A garin nan wanda ya gaisa shi ne ba a gani. Kai ka tashi a nan, ka bari wasannin shagon Barthélemy suka koya maka yadda ake ɓuya.

A ranar Inna ta aike ni sayen kifi. Madam Florentine ta zaɓo mini babba ta ce, “Na Ziyad ne ko? Ai na gan shi, na ce yaron nan mura yake yi, ki ce ya sha citta.” Inna ta yi tuwo da miyar folere, yakuwar nan, ta zuba a kwanonka, ta rufe da faifai. Da magariba ta yi, ta ce a kai wa maƙwabta. Washegari ta sake. Kwana huɗu, kifi huɗu. Na ce bari in kira ka, ta ce, “Bar shi, ya san hanya.” Rana ta uku ka tsaya a tsallaken titi kana ɗaukar hoton ƙofa. Tana bayanta, tana kallonka ta tsagar da ke kusa da sakata. Abin da ta ce mini kawai shi ne ka rame.

Maganar ofis kuma, bara ta ba Alhaji Hashim maƙwabcinmu kilishi ya kai maka. Ya je ofishin, aka ce ka bar aiki wata biyu da suka wuce. Ya dawo da kilishin. Malaman lise ne suka cinye, sun gode. Sirrin da kake gadi ya shekara a ɗakin Inna, ba ta taɓa tambayata a kansa ba.

Ta hana ni gaya maka ta sani, kai ka hana ni gaya mata. Ina ta sanɗa a tsakaninku a cikin gidanmu, na gaji. Ga abin da ya sa na karya alkawarinta. Jiya da la'asar ina buga sabon kilen, ta shigo da tsintsiya, ta tsaya a bayana. Hamadu yana gaban koriyar ƙofa.

Ta ce, “Wannan ai ƙofata ce.”

Na ce ita ce.

“Wannan mai laɓe-laɓen fa, me yake jira? Ya shiga mana.”

Na tura, na sake turawa. Na ce, “Inna, ba ta buɗuwa.”

Ta ce, “To wa ya kulle? Ni dai ban kulle ba.” Ta ɗauki tsintsiyarta ta fita. Tsakar gidan a share yake, ta sake share shi.

A kan wasan, shawarata ɗaya ce: ka sa maɓallin gaisuwa. Duk wanda Hamadu ya gaisar ya amsa ya manta da shi, duk wanda ya wuce shiru ya ɗaga kai. Tashar Ruwa ba ta da wannan, Baƙar Hula ba ta da shi, alƙalanka ba su taɓa gani ba. Makinka yana nan a tara. A lise muna ba da damar sake jarrabawa, amma sai ɗalibi ya zo da kansa.

Ba zan ce mata aiki ya yi yawa a ofis ba. Ka huta lafiya.

Sadiƙa

Yawunde, 6 ga Disamba

Adda Sadiƙa,

Assalamu alaikum. Na karanta takardarki sau uku.

Mun sa maɓallin. Jocelyne ta gwada, ta ratsa kasuwar tun daga layin yadi har gada tana gaisawa, ba wanda ya bi ta. Ta ce shi ne abu mafi kyau a wasan, kuma ba namu ba ne. Rarrafen mun bar shi a bayan mayanka kawai, inda ba mutane.

Ƙofar ban iya gyara ta daga nan ba. Na yi ƙoƙarin zana cikin, na ga ban tuna inda randa take ba.

Ba kile a ambulan ɗin nan, ni zan kawo shi. Jirgin ƙasa ranar Laraba zuwa Ngawundare, mota ranar Alhamis. Zan fara biyawa ta rumfar Kawu Brahim, ba hula. Kada ki gaya wa Inna, ina so in faɗa mata komai da bakina.

Ƙanenki,
Ziyad

Alhamis. A ajiye a teburin ajans, a ba Ziyad in ya sauka.

Ziyad,

Barka da hanya. Ban gaya mata ba. Mai yanka tikiti a Ngawundare surukin Kawu Brahim ne, kuma na ji ka gaishe shi har da tambayar iyali. Ka yi kyau, sai dai na manta ban faɗa maka ba, gaisuwa ba ta ɓoye mutum in sunansa yana kan tikiti. Tun safe Inna ta aike ni sayen kifi wurin Madam Florentine.

Randa tana hannun dama, inda ka bar ta. Ƙofa a buɗe take, amma ka yi sallama.

Addarka,
Sadiƙa